Amsar Gwauro

Ubana Arzika a Maƙera Assada ya tsufa,
guduma ta yi masa kanta, wuta ta cinye gashin girarsa.
Ni ga ni a Dundaye, bayan ɗakin gwaje-gwaje,
fanka ɗaya, injin sassaƙa mai tari kamar tsohon jaki,
ina aikin tagullar da ba ta san zugazugi ba.

Wata Laraba Dakta Luba ta shigo da takarda,
ta zana rami, ta ce, Ladan, kamar ƙwayar dawa nake so,
in ka ƙara kaurin gashi guda ka ɓata.
Na ce, Dakta, mi za a sa ciki, kwarkwata?
Ta yi dariya har ta dafa tebur.

Ta ce cikin kowane abu akwai 'yan ƙwayoyin lantarki,
biyu-biyu suke zama, sun rufa wa juna asiri.
Amma akan sami gwauro,
shi kaɗai, yana juyi kamar katantanwar yara a dandamali.
Shi muke nema.
Mu sa shi a cikin maganaɗisu ya daidaita kamar mai bin sahu,
mu buge shi da igiyar da ta fi ta rediyo sauri nesa ba kusa ba,
bugu biyu, gajeru,
ƙiftawar ido a wurinsu tafiyar shekara ce,
sannan mu yi tsit.
In da rabo, zai amsa.

Irin na'urar da ake sayarwa a ƙetare
kuɗinta ya gina unguwa har da masallaci,
don haka muka ce da hannu.
Na farko ya yi faɗi.
Na huɗu, wuta ta ɗauke, bakin injin ya yi masa tsage.
Na bakwai gumina ya ɗiga ciki, kwana biyu ya yi kore.
Ruwan sanyi mai hayaƙi da aka ɗauko daga Kano cikin tulun ƙarfe,
kafin mota ta wuce Talata Mafara rabi ya gudu,
zafin ƙasarmu ba ya yafe bashi.
Modi ɗalibi ya ƙone yatsa uku wajen liƙa waya,
har yau da hagu yake shan fura.

Na goma sha ɗaya na goge da auduga,
na riƙe numfashi kamar mai tsallake gadar Kwalkwalawa da ƙwai.

Daren Asabar, janareta na gurnani a waje,
aka sa ɓarɓashin haƙorin saniya
da masu ɗibar yashi suka tono a gaɓar Rima.
Layi kore a kan gilashi, kwance, ba motsi.
Ƙarfe ɗaya, kwance.
Ƙarfe biyu, Modi ya fara gyangyaɗi.
Dakta ta murɗa wani maɓalli kaɗan, kamar mai ɗanɗana gishiri,
sai ga ɗan tudu ya taso a tsakiyar layin,
ƙarami, kamar tozon maraƙi.

Ba ta yi guɗa ba.
Ta cire haƙorin, tozo ya ɓace.
Ta mayar, ya dawo.
Sau uku, kafin ta zauna a ƙasa ta cire tabarau.

Da safe na zuba goman da suka lalace a aljihu, na tafi Assada.
Baba ba ya gani sosai yanzu.
Ya murza ɗaya tsakanin yatsu, ya kai kunne, ya girgiza.
Ya ce, to, mi gwauron ya ce?
Na ce bai ce komai ba, Baba, amsawa kawai ya yi.
Ya daɗe shiru.
Ya ce, ni ma garma in na gama ta,
sai na ƙwanƙwasa na saurara, in da tsaga ciki ba ta ɓoye mini.
Ya sa na bakwai, mai koren nan, a aljihun gorons​a,
ya ce in miƙo masa buta.